Yadda ake sa wa a-kori-kura manyan tayoyin shiga daji ba tare da suna gugar bodi ba

Karon farko da na sa wa a-kori-kura manyan tayoyi, duka huɗun na saya a tashi ɗaya, aka ɗaura, na ja da baya ina kallon mota ta yi kwarjini. Da na zo fita, na karya sitiyari har ƙarshe ina ribas, sai na ji gurrr daga ƙafar gaba ta hagu. Na ce roba ce, za ta saba. Bayan kwana uku na faɗa wani kwari da sitiyari a karye, haƙoran taya suka kamo leɓen fenda suka lanƙwaso shi waje kamar murfin gwangwani. Tun daga ranar, duk motar da zan yi wa wannan aiki, tef ɗin awo nake fara ɗauka, kuma taya ɗaya tak nake fara gwadawa.

Kayan aiki

Kana bukatar tef ɗin awo, alli, da takarda da biro. Sai jak mai ƙarfi da ƙarafan tokare mota guda biyu aƙalla, waɗanda aka rubuta nauyin da suke ɗauka a jikinsu, da weji na tare ƙafa. Sai sifanar taya mai dogon hannu, da sifana mai awon ƙarfin ɗauri, irin wadda ke yin ƙas idan ta kai adadin da ka saita. Ka tanadi gejin iska da ka yarda da shi, burushin waya, wuƙa mai kaifi ta yankan roba, na'urar hura iska mai zafi, igiyoyin roba na ɗaure waya, guduma, da ɗan fenti mai hana tsatsa. Littafin motar ma kayan aiki ne, domin a ciki ƙarfin ɗaurin noti da wuraren sa jak suke.

Idan babu ƙarafan tokare ko madadinsu mai kyau, a haƙura da aikin sai an samu. Bulo na siminti yana fashewa ba tare da gargaɗi ba, jak kuma na ɗagawa ne kawai. Guntayen katako masu kauri, lafiyayyu, da aka jera gicciye suna iya tsayawa a madadi idan ƙasa a shafe take. Sifana mai awo kuwa, idan ba ka da ita, ara ko ka biya wajen mai ita a ranar.

1. Karanta lambar da ke jikin tayarka

A kumatun taya za ka ga rubutu irin 265/65R17, wanda Hilux da Ranger da yawa suke fitowa da shi. 265 faɗin taya ne a milimita. 65 yana nufin tsayin kumatu kashi 65 cikin 100 na faɗin. 17 kuma girman rim ne a inci. Don samun tsayin taya gaba ɗaya, ka ninka 265 da 0.65, ya ba ka kusan 172, ka ninka biyu saboda kumatu sama da ƙasa, ya zama 344, ka ƙara rim ɗin wanda inci 17 ɗinsa milimita 432 ne. Jimla 776, wato inci 30.6.

Yanzu ɗauki 285/70R17, wadda masu harkar ke kira talatin da uku. Lissafin ya ba da milimita 831, inci 32.7. Bambancinsu milimita 55 ne, amma rabinsa ne kawai ke ɗaga motar daga ƙasa, wato kusan 27. Ɗaya rabin sama yake tafiya, cikin kogon fenda, kuma gaba da baya ma haka taya ta ƙaru. Wannan rabin ne ke jawo duk wahalar da za mu yi magana a kai.

Akwai wani salon rubutu, kamar 35x12.50R17. Shi ba ya bukatar lissafi: tsayi inci 35, faɗi inci 12.5, rim inci 17. Sai dai kusan kullum idan ka auna da tef za ka tarar ta ɗan gaza abin da aka rubuta, kuma kamfani biyu suna iya buga lamba ɗaya tayoyinsu su bambanta da 'yan milimitoci. Mai manyan haƙora a kafaɗa ta fi cin wuri.

2. Auna sararin da kake da shi

Ajiye mota a wuri mai shafe, da tsofaffin tayoyin. Karya sitiyari hagu har ya tsaya, ka durƙusa da tef. Wuri huɗu za ka auna a kowace ƙafar gaba: daga taya zuwa kusurwar bamba, daga taya zuwa bayan kogon fenda inda robar tare laka take, daga kumatun ciki zuwa hannun ƙafa na sama, da kuma daga taya zuwa shasi. Rubuta. Karya dama, ka sake. Leƙa ka ga inda tiyon birki da wayar na'urar birki suka bi.

Daga kowane awo ka cire abin da sabuwar taya za ta ci. A misalinmu, 27 a gaba da baya da sama, 10 a kowane gefe tunda faɗi ya ƙaru da 20. Duk inda abin da ya rage bai kai faɗin babban yatsa ba, sa masa alama, nan za a yi guga. Ido ba mudu ba ne, amma a wannan aikin ko kimar ma ba ya sani. Kogon fenda yana yaudara idan sitiyari na tsaye daidai, domin gefen taya ba ya zuwa kusa da komai sai an karya.

Bisa abin da na saba gani, ƙarin inci ɗaya, kamar daga 265/65R17 zuwa 265/70R17, yawancin matsakaitan a-kori-kura suna haɗiye shi ba gardama, ko da ɗan gyaran roba. Inci biyu yana neman ɗagawa da yanke-yanke. Inci huɗu zuwa sama aiki ne na daban, wanda ke taɓa giya da ƙarfen bodi, kuma ban shawarci ɗan koyo ya fara da shi ba.

3. Zaɓi tayar

Iri biyu ne a gabanka. A/T ta raba ƙafa tsakanin kwalta da daji, ba ta da ƙara sosai, tana daɗewa. M/T ta laka ce, haƙoranta manya a warwatse, tana kuka a kan kwalta kamar jirgi zai tashi, kuma idan an yi ruwa a kan titi riƙonta bai kai na A/T ba. Wanda rabin tafiyarsa ko fiye a kwalta take, A/T ce tasa, komai kyan da M/T ta yi masa a ido.

Duba lambar nauyi. Za ka ga adadi da harafi bayan girman, kamar 112T ko 121Q. 112 na nufin taya ɗaya tana ɗaukar kilo 1,120, 121 kuma kilo 1,450. Harafin iyakar gudu ne: Q kilomita 160 a awa, S 180, T 190. Kada lambar nauyin sabuwa ta gaza ta wadda mota ta zo da ita. Wadda aka rubuta wa LT a farko jikinta ya fi tauri, kuma tana zuwa da daraja C ko D ko E. E ce mafi tauri, ta fi jure ƙaya da dutse, amma ta fi nauyi, kuma a mota marar kaya sai ta riƙa jijjiga ka kamar kana kan amalanke. Ga matsakaiciyar mota da ba ta cika ɗaukar lodi ba, C ko D sun wadatar.

Nemi rubutun DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne ranar haihuwar taya. 1824 na nufin mako na 18 a shekarar 2024. Taya tana tsufa ko ba a taka ta ba. Kuma ka sayi biyar, ba huɗu ba, zan faɗi dalili a gaba.

4. Rim da ofset

Nan ne aka fi yin asara. Abu huɗu dole su dace.

Na farko ramukan noti. Hilux da Ranger da D-Max da L200 suna da rami shida a da'irar milimita 139.7. Navara samfurin D40 da D23 shida ce a 114.3, F-150 kuma shida a 135. Ganin rami shida bai isa ba. Na biyu ramin tsakiya: na Hilux 106.1 ne, na Ranger 93.1. Rim mai ƙaramin rami ba zai zauna ba sam, mai babban rami kuma yana son zoben cike gibi don ya zauna a tsakiya. Na uku faɗin rim. Taya 285 tana zama a kan rim mai inci 7.5 zuwa 9, mai faɗin 12.50 kuwa tana son 8.5 ko fiye. Idan ka matse faffaɗar taya a siririn rim, tsakiyarta zai tullo ya cinye da wuri.

Na huɗu ofset, wanda ake bugawa a bayan rim da haruffan ET. Shi ne nisan fuskar da ke manne wa mota daga tsakiyar rim. Babbar lamba tana tura taya ciki, ƙarama tana turo ta waje. Rim ɗin Hilux da yawa +30 ne, na Ranger +55. Idan ka sauya daga +30 zuwa 0 a rim mai faɗi ɗaya, taya ta fito da milimita 30.

Mutane suna ɗauka fito da taya waje maganin guga ne. Rabin magani ne. Yana nisanta kumatu daga hannun ƙafa da shasi, gaskiya ne, amma yana faɗaɗa da'irar da taya ke sharewa idan an karya sitiyari, sai ta koma tana cin bayan fenda da bamba. Yana kuma ƙara wa boris nauyi, ya sa sitiyari ya riƙa fizga a rami. Ni nakan turo ta daidai abin da zai ba yatsa wurin wucewa tsakanin kumatu da hannun ƙafa, in tsaya nan.

Idan babu halin sabon rim, akwai faifan tazara da ake sawa tsakanin rim da mota. Nemi irin wanda ake ɗaure shi da nasa notin, mai nasa kusoshin, mai leɓen da ke riƙe rim a tsakiya. Siririn faifan da ake zurawa kawai yana cinye zaren kusa, kuma noti yana bukatar kama zare aƙalla tsayin kaurin kusar. A kusa mai milimita 12 da zaren 1.5, juyi takwas ke nan cikakku. Ƙidaya su da hannu. A wasu ƙasashe doka ta hana faifan tazara, wasu kuma sun hana taya ta leƙo bayan fenda sai an sa mata rumfa, don haka bincika dokar inda kake, ka kuma sanar da masu inshora.

Noti ma ba a musaya shi da ka. Rim ɗin alminiyam na Toyota yana amfani da noti mai shafaffen gindi da washa, yawancin rim na kasuwa kuma suna son mai gindin tsini. Idan aka gauraya, notin zai yi kamar ya ɗauru, ya kwance a hanya.

5. A ɗaga motar ko a bar ta

Ga abin da na daɗe ban gane ba. A motar da kowace ƙafar gaba ke motsi da kanta, wato kusan duk a-kori-kura ta yanzu, ɗagawa da faifai ko dogon sifirin yana canza wurin da ƙafa ke hutawa ne kawai. Hanyar da take bi sama da ƙasa tana nan yadda take, kuma robar da ke tsayar da ita a can sama ba ta matsa ba. Idan ka doki rami, taya za ta koma daidai inda take zuwa a da. Shi ya sa mota ke tafiya shiru a kwalta, ta shiga daji ta fara ihu. Ɗagawa yana rage yawan gugar, yanka ne ke kawar da ita.

Duk da haka yana da amfani. Inci biyu a gaba, wato milimita 50, shi ne iyakar da nake tsayawa a mota ba tare da canza wasu kaya ba. Ya wuce nan, shaf ɗin gaba yana karkata sosai, robarsa ta yage, boljoyin na sama ya kai maƙura, alaimen ya ƙi shiga sai an sa wani hannun ƙafa. Tsofaffin motoci masu sandar murɗi a gaba ana ɗaga su da ɗaure notin sandar, amma duk abin da ka samu a sama ka rasa shi a saukar ƙafa, mota ta yi tauri. Akwai kuma ɗaga bodi daga kan shasi da faifai, wanda shi kam yana ƙara sarari na gaske a sama, sai dai yana taɓa sandar sitiyari da bamba da wayoyi.

Idan aikin ya haɗa da cire sifirin daga jikin shokzoba, kai wa mai injin matsewa. Sifirin da ya kuɓuce yana karya ƙashi. Kuma notin bushin roba ba a ƙarasa ɗaure shi sai mota ta sauka ta tsaya da nauyinta, in ba haka ba robar za ta zauna a murɗe ta tsage cikin 'yan watanni.

6. Hawar da taya kan rim

Wannan aikin mai faci ne da injinsa, amma ka tsaya a kansa. A sa sabon bawul. Idan motar tana da na'urar gane iska a cikin rim, gaya masa kafin ya sa ƙarfe, don da bugu ɗaya ake karya ta. Idan akwai kibiya a kumatu, taya mai alƙibla ce, biyu na dama biyu na hagu. Ɗigon rawaya a jikin taya shi ne wuri mafi rashin nauyi, a daidaita shi da bawul don rage dalmar da za a liƙa.

A shafa ruwan sabulu ko man hawa taya a leɓe, ba giris ko baƙin mai ba. Wajen hura iska don leɓe ya zauna, kada a wuce 40 a geji, a ma'aunin PSI. Idan bai zauna ba a sace iskar, a sake shafawa, a sake. Kada ka yarda a zuba fetur a kyasta wuta, ko da an ce maka kullum haka ake yi. Bayan ya zauna, bi siririn layin da ke zagaye taya kusa da rim, ka ga tazararsa ɗaya ce ko'ina. Sannan a yi balansin. Idan injin ya nemi dalma mai yawa, a kwance a juya tayar rabin zagaye a kan rim a sake gwadawa. Dalmar liƙawa ta ciki kuma a tabbata ba za ta taɓa kan birki ba.

Fara da ɗaya kawai idan mai sayarwa ya yarda. Tayar da ba ta hau rim ba ana iya mayar da ita.

7. Gwajin ƙafa ɗaya

Ja birkin hannu, sa giya, tare ƙafafun baya da weji. Sassauta noti rabin juyi tun taya na ƙasa. Ɗaga, tokare shasi, cire tsohuwar ka tura ta ƙarƙashin mota a matsayin kariya ta biyu. Goge fuskar da rim ke zama da burushin waya har tsatsa ta fita, domin ɗan tsatsa a nan ya isa ya sa sitiyari rawa.

Babbar taya da rim ɗinta tana iya kai kilo 40. Kada ka ɗaga ta da baya. Saita jak yadda kusoshi za su zo daidai da ramuka, ka zura doguwar sifana ƙarƙashin tayar ka ɗan cira ta. Kama kowane noti da hannu tukuna.

Yanzu shafa alli sosai a kafaɗun taya, ciki da waje. Gwaji uku ne. Na farko tana rataye: juya ta da hannu, wani yana karya sitiyari hagu da dama, kana kallon tiyon birki ko ya miƙe kamar tsirkiya. Na biyu a ƙasa: sauke mota, ɗaure noti, ka yi gaba da baya a hankali da sitiyari a karye har ƙarshe. Ribas ɗin yana da muhimmanci, domin a nan bushin ke sakin ƙafa ta ɗan koma wani gefe, kuma guga da yawa a ribas kaɗai take fitowa. Na uku a matse: hau da wannan ƙafar kan tudu ko gefen kwari a hankali har ta shige cikin fenda, tsaya, ja birki, sauko ka duba, sannan a karya sitiyari a hakan. Kada ka sa hannu tsakanin taya da bodi yayin da wani ke riƙe da sitiyari.

Duk inda alli ya bar fari, nan ne aikinka.

8. Buɗe wa taya hanya

Fara da mai sauƙi. Robar tare laka ta gaba ita ce ta farko, sau da yawa cire ta ko rage ta ya gama magana. Robar cikin fenda kuma ba sai an yanke ba: ɗumama ta da iska mai zafi har ta yi laushi, tura ta baya da ƙotar guduma, riƙe har ta huce, ka ɗaure da igiyar roba. Idan babu na'urar zafi, huda ƙananan ramuka biyu ka ja ta baya da igiya. Kafin wuƙa ta taɓa komai, leƙa bayansa. A can ake ɓoye tankin ruwan goge gilashi da wayoyin fitila, a wasu motocin har bakin shaƙar iskar inji. Na taɓa yanke wayar fitilar hazo a haka, na kwana ina neman fis.

Kusurwar bamba ta roba ana zana layi a rage ta kaɗan-kaɗan. Abin da ka yanke ba ya dawowa, don haka rage, gwada, sake ragewa.

A bayan taya akwai wani leɓen ƙarfe inda aka haɗa fallayen bodi. Ana kwantar da shi da guduma, a shafe da fenti da abin toshe ruwa, in ba haka ba tsatsa ta samu ƙofa. A motocin Toyota da yawa kuma akwai dungun shasi da bodi ke zaune a kai, daidai bayan ƙafar gaba, kuma talatin da uku tana yawan dukan sa. Ana yanke gefensa a yi masa waldar faranti, amma wannan na gwanin walda ne, kuma ba ko'ina doka ta yarda da taɓa shasi ba. Kafin a kai can, gwada alaimen: idan motar tana da kusoshin saiti a hannun ƙafa na ƙasa, mai alaimen yana iya matso da ƙafar gaba da 'yan milimitoci, kuma sau da yawa su ne ake nema.

9. Ɗaura sauran

Ɗaure noti gicciye, ɗaya nan ɗaya a tsallake, a zagaye biyu, na ƙarshe da sifana mai awo. Adadin yana cikin littafi. Matsakaitan a-kori-kura sukan faɗa tsakanin 100 da 140 a ma'aunin Nm, F-150 ta zamani tana haura 200 kaɗan. Kada a shafa wa zare mai, kada a ƙarasa da bindigar iska, kada kuma a hau kan sifana da ƙafa. Kusar da aka ja fiye da kima tana miƙewa, wata rana ta tsinke. Bayan tafiyar kilomita 80 ko makamancin haka, sake bin su duka.

A mota mai ja da ƙafa huɗu, dole tayoyin su zama girma ɗaya, iri ɗaya. Idan na gaba da na baya suka bambanta, farfela biyu za su riƙa jayayya a cikin akwatin rabon ƙarfi har wani abu ya karye.

10. Alaimen da iska

Kai mota alaimen a ranar, musamman idan an ɗaga ta. Haƙoran sabuwar taya suna iya cinyewa a gefe ɗaya cikin 'yan makonni.

Lambar iskar da ke kumatun taya iyaka ce, ba ta tafiya ba. Mai daraja E sau da yawa 80 aka rubuta mata, kuma na ga masu hura ta haka a mota fanko. Fara da adadin da ke manne a jikin ƙofar direba. Idan ka koma LT daga taya ta gama-gari, ƙara kaɗan, domin LT tana bukatar iska fiye kafin ta ɗauki nauyi ɗaya. Sannan ja layin alli mai kauri a gicciyen zanen taya, yi tafiya miƙe ta 'yan mitoci, ka duba. Tsakiya kaɗai ya goge, iska ta yi yawa. Gefuna kaɗai, ta yi kaɗan. Kada dai ka sauka ƙasa da adadin ƙofa a kan kwalta, kuma a auna da safe kafin taya ta yi zafi. A yashi ana ragewa zuwa 18 ko 20 don ta baje, a tafi a hankali ba karya sitiyari da ƙarfi, a mayar da iskar kafin a hau titi. Taya mai ƙarancin iska a guje zafi take tarawa har ta fashe.

11. Maleji, giya da birki

Malejinka ya fara ƙarya. Raba sabon tsayi da tsohon: 32.7 a raba da 30.6 ya ba da kusan 1.07. Wato duk gudun da ka saba yi a kan wata lamba, yanzu ya ƙaru da kashi 7 cikin 100, 100 ta koma 107. Lissafin kilomita ma yana gazawa da haka, don haka matso da lokacin juyen mai. Gwada da taswirar waya mai nuna gudu. Wasu motocin ana gyara musu a kwamfuta, wasu sai an sa ƙaramar na'ura.

Za ka ji mota ta yi nauyin tashi, mai canza giya da kanta tana yawan neman giya a hawa, shan mai ya ƙaru. Da inci ɗaya ko biyu ana zama da hakan. Da taya mai inci 35 kuwa, a canza haƙoran aksil. Ninka lambar aksil ɗinka, wato yawan juyin farfela a juyin taya ɗaya, da sabon tsayi, ka raba da tsohon: mai 3.58 da ya tashi daga 30.6 zuwa 35 zai samu 4.09, sai ya nemi 4.10. Gaba da baya tare ake canzawa.

Birki ma aikinsa ya ƙaru, tunda taya ta fi nauyi kuma ta fi tsayi. Nemi fili marar mutane ka taka shi da ƙarfi sau biyu-uku, ka san sabon nisan tsayawarka. Mota ta ƙara tsayi, kwana da gudun da ka saba yanzu sai ta kwanta fiye da da.

12. Safaya da jak

Ga dalilin ta biyar. Ƙaramar safaya a gefe ɗaya da babba a ɗaya gefen tana sa haƙoran aksil aiki ba hutu, a mota mai makullin aksil kuwa ɓarna ce kai tsaye. Gwada ko sabuwar tana shiga mazauninta a ƙarƙashin bodi. Talatin da uku takan matse tsakanin shasi da ƙarfen jan tirela, wani lokaci har ta kusanci salansa. Idan ta ƙi, a ɗaure ta a cikin bodi da ƙarfe ko bel mai ƙarfi, kada a jefa ta haka kawai. Sa ta cikin juyin tayoyi duk kilomita 8,000 zuwa 10,000 don su cinye tare, sai dai in masu alƙibla ne.

Jak ɗin da mota ta zo da shi ma gwada shi yau a gida. Sau da yawa yakan ƙare tsayinsa sabuwar taya ba ta bar ƙasa ba. Ajiye faffaɗan katako mai kauri a bayan kujera don ɗora shi, ka kuma tabbata sifanar motar tana shiga ramin sabon rim, domin wasu ramukan sun yi mata ƙunci. Idan ka ɗaga gaba, da dare tsaya a gaban bango ka sauke fitilun, yanzu idon masu tahowa suke haskawa.